Guzurin Bakwaini

Shekara 31 na yi ina aikin jinya, fiye da rabinsu a ɗakin da mutanen gari ke kira ɗakin kwalba. Wanda bai taɓa shiga ba zai zaci kuka ne zai tarye shi a bakin ƙofa. Ba a cika kuka a can ba, don bakwaini ba shi da ƙarfin da zai ɓatar a kansa. Abin da kunne ke ji shi ne ƙarar na'ura, da hucin oksijin a cikin roba, da takun silifas ɗin masu jego da ke zuwa tatsar nono duk bayan awa uku.

Cikin yaran da suka bi ta hannuna akwai wanda har yau nake ganin tafin ƙafarsa. Wata bakwai aka haife shi, kilo 1.4, ɗan fari ga wata yarinya da ba ta fi shekara goma sha takwas ba. Mako biyar ya yi a wurinmu. Ya tsallake shawara, ya tsallake sanyin jiki, ya koyi kama nono bayan an daɗe ana ba shi ta robar hanci. Ranar sallama kakarsa ta raba mana goro da alawa. An riga an yanka masa rago tun ranar bakwai yana cikin kwalba, amma mata ba su yi taronsu ba, an ɗaga sai ya dawo gida. Kwana goma sha biyu da sallamar, tsakiyar Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga su da shi naɗe cikin tawul.

"Sista, mura ce fa kawai," in ji kakar. "Yaran gidan duk sun yi sun warke. Shi ne dai ya ƙi nono tun jiya."

Na buɗe tawul. Ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane jan numfashi, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa. Ba zazzaɓi. Ina cikin ƙirga numfashin sai ya tsaya cak. Na murza tafin ƙafarsa, ya ja iska, can ya sake tsayawa. Likita ya rubuta a katinsa cewa ƙananan hanyoyin iska na huhu ne suka kumbura. Muka sa oksijin, muka zuƙe majina, muka mayar da robar abinci. Ya kwana uku, da asubahin na huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Kakar ba ta yi ƙarya ba, mura ce. Tambayar da ta zauna mini a rai ita ce, wace irin mura ce ke barin ɗan shekara biyar da majina kawai, ta zo ta kwantar da wanda ya riga ya haye duk abin da muke tsoro? Wannan tambaya ce ta sa ni bin diddigin ƙwayar cutar da ta fi kowace haddasa irin wannan kumburi a jarirai, wadda likitoci ke kira RSV.

Cutar ta girmi sunanta nesa ba kusa ba. A ƙarshen ƙarni na 19, a asibitin haihuwa na birnin Faris, inda Stéphane Tarnier ya fara sa jarirai cikin akwatin ɗumi a 1880 bayan ya ga irin wanda ake ƙyanƙyasar ƙwai da shi, almajirinsa Pierre Budin ya rubuta yadda tarin ƙirji ya ɓulla tsakanin 'ya'yan matan da aka ɗauka aikin shayarwa, ya tsallaka ɗakin bakwaini, ya yi ɓarna. Daga nan ya raba ɗakunan, ya kafa dokar wanke hannu da sake riga kafin a taɓa jariri. A 1941 kuma wani likitan yara a Minneapolis ta Amurka, John Adams, ya ba da rahoton wata annobar ciwon huhu da ta kama jarirai 32, 9 suka rasu. Ya duba huhunsu, ya ce wannan ba aikin bakteriya ba ne, bairas ne, amma ba shi da hanyar kama shi. Sai bayan shekara 20 ya sake ganin irin annobar, a lokacin an samu gwaji, ya danganta ta da RSV.

A jikin birai aka fara kama ta. A 1955, a cibiyar binciken lafiya ta sojan Amurka mai suna Walter Reed, kusa da Washinton, wasu birai 20 nau'in cimfanzi da ake ajiye da su don gwaje-gwaje suka kama atishawa da tari da yoyon hanci. Masu bincike uku, Morris da Blount da Savage, suka ɗebi majinar, suka raini ƙwayar a ɗakin gwaji, suka buga sakamakonsu a 1956, suka raɗa mata suna ƙwayar murar cimfanzi. Ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke hulɗa da biran shi ma ya yi mura, aka ga alamar ƙwayar a jininsa. Shekara guda bayan haka, 1957, Robert Chanock a Baltimore ya samo ƙwayar nan tak a maƙogwaron jarirai biyu masu ciwon ƙirji. Ashe ba ta biri ba ce, tamu ce. Da aka zuba ta a kan ƙwayoyin halittar jiki a cikin kwalbar gwaji, sai aka ga tana narkar da katangar da ke tsakaninsu, su dunƙule su zama curi guda. Daga wannan ɗabi'a ta samu sunan da take amsawa yau, wanda ma'anarsa ita ce bairas ɗin numfashi mai dunƙule ƙwayoyin jiki.

Babu wanda ya tsira daga gare ta. Binciken da Paul Glezen ya yi a Houston, yana bin yara tun daga haihuwa, ya nuna kusan biyu cikin uku na kamuwa a shekararsu ta farko, kuma kafin su cika biyu kusan kowa ya yi. Kuma ba irin ƙyanda ba ce da ake yi sau ɗaya a huta. Tana dawowa har tsufa, sai dai a jikin babba mura ce ta 'yan kwanaki. A jariri tana gangarawa ƙasa zuwa 'yan siraran hanyoyin iska, waɗanda wasunsu ba su fi kaurin zaren ɗinki ba. Fatar cikinsu ta saɓule, majina ta haɗu da ita, bango ya kumbura. Wanda ya taɓa ganin kwata ta toshe da leda da yashi a tsakiyar damina ya san sauran bayanin. Iska na kutsawa ciki da ƙyar, fitarta ta fi wuya, yaro ya yi ta aikin numfashi har ya gaji, nono ma ya gagare shi tunda ba zai iya tsotso da haki a lokaci guda ba. Amoksisilin ɗin da ake rugawa kyamis a saya ba ya taɓa ta, don ba bakteriya ba ce.

To me ya sa bakwaini? Amsar da ta fi shiga raina ita ce wadda nake gaya wa ɗalibaina da kalmar guzuri. Uwa ba ta sallamar ɗanta duniya hannu rabbana. Ta mabiyiya take tura masa sojojin garkuwar da jininta ya tara daga duk cutar da ta taɓa yi, har da wannan murar da ta yi ta maimaitawa tun tana yarinya. Sai dai ba a farkon ciki ake ɗaura wannan kaya ba. Kaɗan-kaɗan ake farawa, mafi yawansa a makonnin ƙarshe yake hayewa. Tsakanin mako 28 zuwa 32 abin da ke jinin ɗan tayi bai wuce rabin na uwarsa ba, amma wanda ya cika wata tara yakan fito da abin da ya kai nata, har ya ɗara. Glezen ɗin nan ya nuna a 1981 cewa jariran da suka fito da garkuwa mai yawa a jinin cibiyarsu sun fi jinkirin kamuwa, kuma in sun kamu abin ya fi zuwa musu da sauƙi. Bakwaini matafiyi ne da aka tasa tun ana cikin ɗaura masa ƙunshi. Ga huhu da bai gama tofo ba, ga ƙashin ƙirji mai laushi, ga ƙwaƙwalwar da har yanzu takan manta ta ba da umarnin numfashi. Shi ya sa a wurinsa cutar takan zo ba tari ba zazzaɓi, sai ƙin nono da kasala da ɗaukewar numfashi irin wadda na gani a cikin tawul ɗin nan.

Akwai kuma wani ɓangare da ci gaban asibiti da kansa ya haifar. Daga shekarun 1960 aka fara sa bakwaini a na'urar numfashi, waɗanda da can ba sa kwana suka fara rayuwa, amma wasu da tabo a huhu, abin da William Northway ya bayyana a 1967. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya nuna ana iya ɗura wa huhun bakwaini sinadarin da ke hana shi mannewa. Kowane mataki ya ƙara yawan ƙananan yaran da ke komawa gida, kuma a gida murar ke jiransu.

Tun da aka gano ƙwayar aka shiga neman rigakafi, kuma nan ne labarin ya yi ɗaci. Allurar shan inna ta Salk, wadda aka yi ta hanyar kashe bairas da sinadarin fomalin, ta yi nasara a 1955, sai aka ce a bi sawunta. Aka kashe RSV da fomalin, aka yi wa yara a wurare huɗu a Amurka a tsakiyar shekarun 1960. A Washinton jarirai 31 aka yi wa, 'yan wata biyu zuwa bakwai, 'ya'yan marasa ƙarfi, galibinsu baƙar fata. Da hunturun 1966 zuwa 1967 ya kawo cutar, 20 daga cikinsu suka kamu, 16 sai da aka kwantar da su, biyu suka rasu, ɗaya yana wata 14, ɗaya wata 16. A cikin jarirai 40 da aka yi wa wata allurar daban don kwatance, 21 sun kamu, amma ɗaya kaɗai aka kwantar. Allurar ba ta kare ba, ta ma ƙara wa cutar kaifi. Hyun Wha Kim da abokan aikinta suka buga alƙaluman a 1969 ba tare da rufa-rufa ba.

Na yi shekaru ina lallashin mata su kawo yara rigakafi, na kuma ga abin da rashin yarda ya jawo mana a 2003 lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa. Don haka na san nauyin ba da wannan labari. Ina ba da shi ne saboda ya faru, kuma saboda yaran nan biyu suna da haƙƙin a tuna da su. Mutuwarsu ta sa masu bincike suka ja da baya suka koma neman dalili, kuma duk abin da aka ƙera daga baya don kare jarirai daga wannan cuta an bi wata hanya ce daban da waccan. Sai dai jinkirin ya ci fiye da shekara 50, kuma yaron da ke cikin tawul ɗina yana cikin waɗanda jinkirin ya ci.

A tsakanin nan, wadda ta fi kowa amfanar masu aiki irin nawa ita ce Caroline Breese Hall, likitar yara a garin Rochester na Amurka. Ita ba magani ta nema da farko ba, hanya ta nema: ta ina cutar ke bi? A 1975 ta nuna cewa a lokacin annoba, kashi 45 cikin 100 na jariran da suka yi mako guda ko fiye a ɗakin yara, an kawo su don wani ciwon daban, a nan asibitin suke ɗaukar RSV, kuma ma'aikata na cikin masu kai musu. Ta gwada ta ga ƙwayar na iya yin awa shida a kan tebur tana da rai, minti 30 zuwa 45 a kan riga ko takardar share hanci, kamar minti 20 a fatar hannu. Sannan a 1981 ta buga gwajin da nake ganin ya kamata a koya wa kowace ungozoma. Ta raba masu sa kai 31 gida uku. Kashi na farko suka ɗauki jariri mai cutar, suka ba shi abinci, suka yi masa wasa. Kashi na biyu suka shiga bayan an fitar da jaririn, suka taɓa gadonsa da kayansa, suka shafi hancinsu ko idonsu. Kashi na uku suka zauna awa uku a ɗakin tare da jaririn, amma da tazarar kusan mita biyu, ba su taɓa komai da hannu tsirara ba. Cikin masu ɗauka 7, 5 suka kamu. Cikin masu taɓawa 10, 4. Cikin masu zama 14, ko ɗaya.

Ranar da na karanta wannan sai taron sunan yaron nan ya dawo mini, ko da yake ban halarta ba. Na san yadda ake yi, don ni ma na yi. Ɗaki cike, turaren wuta na tashi, jariri na yawo daga cinya zuwa cinya. "Miƙo shi in ga wa ya ɗebo." Goggo ta karɓa ta miƙa wa inna, inna ta miƙa wa maƙwabciya, yara masu majina suna leƙe suna taɓa ɗan yatsansa. Babu mai mugun nufi a ɗakin, ƙauna ce zalla, kuma ba na cikin masu son a kashe barka da suna, don su ne ke nuna wa mai jego cewa tana da mutane. Amma na tuna abin da kakata ta taɓa gaya mini, cewa a zamaninsu bakwaini naɗe shi ake yi cikin auduga a ajiye a ƙuryar ɗaki, daga uwarsa sai tsohuwa guda mai kula da shi, ba a fito da shi sai ya cike watannin da ya bari. Ita ta ce tsoron baki ake yi. Ko me ake tsoro, tsofaffin nan sun rage hannuwan da ke kaiwa gare shi, kuma shi ne abin da Budin ya yi a Faris, shi ne abin da Hall ta auna da alƙaluma. Mu da muka zo da kwalba muka koya wa mutane cewa ranar sallama an gama, alhali ranar ce ya fita daga ɗakin da ake wanke hannu kafin a taɓa shi.

Da rigakafi ya gagara, sai tunani ya koma kan guzuri. In yaro ya taso ba a gama ɗaura masa ba, a bi shi da shi mana. Gregory Prince da Val Hemming suka gwada a jikin wani nau'in ɓera, suka ga in an zuba masa sojojin garkuwa a jini, huhunsa na tsira. Daga nan aka tace jinin masu ba da gudummawa, aka zaɓi waɗanda garkuwarsu ga RSV ta fi ƙarfi, aka haɗa RespiGam, wanda Amurka ta amince da shi a Janairun 1996. Ya yi aiki, amma da wahala: duk wata sai an nemo jijiyar bakwaini an ɗaura masa ruwa na awoyi. Wanda ya taɓa neman jijiya a hannun da bai fi ɗan yatsansa kauri ba ya san abin da nake nufi. A Yunin 1998 aka samu sauƙi da palivizumab, wanda aka sa wa sunan kasuwa Synagis, soja guda ɗaya tak da aka ƙera a ɗakin gwaji, ana yin sa a cinya sau ɗaya a wata har wata biyar. An gwada shi a kan yara 1,502 a Amurka da Kanada da Birtaniya, bakwaini da masu tabon huhu. Cikin waɗanda ba su samu ba, kashi 10.6 cikin 100 aka kwantar saboda RSV, cikin waɗanda suka samu kuwa 4.8, wato ragin kashi 55 cikin 100.

Kuɗinsa ne ya hana shi tafiya. Dubban daloli aka riƙa kashewa kan yaro guda a kaka ɗaya, har a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta taƙaita shi, in ban da masu ciwon huhu ko zuciya, ga waɗanda aka haifa kafin mako 29. Ni dai har na ajiye aiki ban taɓa riƙe kwalbarsa ba. A littafi na san shi.

Kullin ya warware ne a 2013, a cibiyar binciken rigakafi ta hukumar lafiya ta Amurka, a hannun Jason McLellan da Barney Graham da Peter Kwong. A bayan ƙwayar akwai wani ƙugiya da take kama ƙwayar jikin mutum da shi ta fasa ta shiga, kuma siffa biyu gare shi, kamar tarko: akwai lokacin da yake ɗane, akwai bayan ya fyaɗe. Sojojin garkuwa mafi ƙarfi tarkon da ke ɗane suke ganewa, su riƙe shi kafin ya kama. Amma abin ba ya zama, da an taɓa shi sai ya fyaɗe, don haka shekara da shekaru masu bincike fyaɗaɗɗen suke kallo. Daga baya ma an nuna cewa allurar nan ta fomalin fyaɗaɗɗen tarko ta nuna wa jikin yaran, jiki ya tara sojojin da ke kama abokin gaba ba sa iya kayar da shi, huhu ya zama fagen fama. Mutanen nan uku suka zana siffar ɗanannen, suka kuma gano yadda za a sa masa tsinke ya tsaya a haka. Irin wannan dabara ce Graham da McLellan suka kai kan ƙwayoyin korona, ta yi rana a 2020.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. An ƙera nirsevimab, mai sunan kasuwa Beyfortus, wanda allura ɗaya ke riƙe yaro wata biyar. Na ji daɗi da na ga a kan bakwaini aka yi babban gwajinsa na farko, su 1,453, 'yan mako 29 zuwa ƙasa da 35. Sakamakon 2020 ya nuna ciwon ƙirjin da ke kai yaro gaban likita ya ragu da kashi 70 cikin 100, kwanciya asibiti da kashi 78. Tarayyar Turai ta amince da shi a ƙarshen 2022, Amurka a Yulin 2023. Yankin Galicia na ƙasar Sifen ya fara yi wa duk jarirai a Satumban 2023, kwanciya saboda RSV ta faɗi da kimanin kashi 80 cikin 100 a hunturun farko.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa uwa abin da za ta ɗaura. Kamfanin Pfizer ya gwada allurar masu ciki a kan mata kusan 7,400 a ƙasashe 18, ciki har da Gambiya da Afirka ta Kudu, aka ga ciwo mai tsanani ya ragu da kusan kashi 82 cikin 100 a kwana 90 na farkon rayuwar jariri. Amma a nan ma bakwaini ne ya tsaya a tsakiyar maganar. Kamfanin GSK ya dakatar da gwajin tasa allurar a 2022 saboda haihuwar bakwaini ta fi yawa a cikin matan da aka yi wa, kashi 6.8 a kan 4.9. A gwajin Pfizer bambancin ƙarami ne da bai isa a yanke hukunci a kansa ba, duk da haka da Amurka ta amince a Agustan 2023, sai ta ce tsakanin mako 32 zuwa 36 za a yi, don taka-tsantsan. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta duba ƙasashen da mace kan zo awo sau ɗaya ko biyu kacal, ta ce daga mako 28. Ta tantance allurar a Maris ɗin 2025, kuma a Yulin shekarar gidauniyar Gavi ta amince za ta tallafa wa ƙasashe marasa ƙarfi su same ta.

Na yi murna da wannan ƙwarai, amma lissafin ma'aikaciyar ɗakin kwalba bai bar ni ba. Bayan an yi wa uwa allura ana bukatar kamar mako biyu kafin garkuwar ta taru ta haye. Wanda ya faɗo a mako 29 ko 30 ya sake yin sammako, ya sake barin ƙunshi a baya. Shi abin da zai fisshe shi shi ne allurar da ake yi masa kai tsaye, wato nirsevimab, ita kuwa a Amurka kusan dala 500 aka sayar da guda a 2023.

Ga inda mutuwar take. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga a 2022 ta ce a 2019 RSV ta sa wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar ciwon ƙirji sau miliyan 33, ta kwantar da miliyan 3.6, ta kashe kimanin 101,000, kusan rabinsu ba su kai wata shida ba. Fiye da kashi 97 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke, kuma kusan uku cikin huɗu ba a gadon asibiti suka cika ba. Wata ƙididdigar ta 2024 ta nuna cewa bakwaini, waɗanda ɗaya ne cikin goma na haihuwa, su ne ɗaya cikin huɗu na jariran da RSV ke kwantarwa. Najeriya kuwa ita ce ta uku a duniya wajen yawan bakwaini, bayan Indiya da Pakistan, kimanin 774,000 a 2020. A Lusaka ta Zambiya masu bincike sun nemi izinin iyaye suka ɗauki majinar jariran da suka rasu, suka samu ƙwayar a kusan 7 cikin 100, mafi yawansu waɗanda suka mutu a gida ko a hanya. A Turai da Amurka cutar hunturu ce, amma aikin da aka yi a Gambiya tun shekarun 1990 ya nuna a can da damina take tashi. Da na karanta haka sai na tuna ruwan Agustan nan da jiƙaƙƙen mayafin kakar.

Bara 'yata ta biyu ta haihu a mako 31, namiji, kilo 1.6. Allurar ba ta zo inda muke ba, don haka na koma ga abin da ke hannuna. Da aka sallame su na ɗauke su zuwa gidana. Na sa uwar ta riƙa kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a ɗaure da zani, kamar yadda likitocin Bogota ta Kolombiya suka fara koya wa mata a 1978, nono kuma ba fashi. Na hana turaren wuta da hayaƙin gawayi a ɗakin. Na nuna mata inda za ta duba a ƙasan haƙarƙari, na ce in ya lotsa, ko ya ƙi nono sau biyu a jere, ko leɓensa ya sake launi, ko numfashi ya ɗauke, ko tsakar dare ne a tashe ni, asibiti za mu. A bakin ƙofa na ajiye buta da sabulu da roba, na kafa kujerata a gefe.

Kwana na huɗu sai ga kakarsa ta wajen uba, ta sha hanya tun daga ƙauye da ƙwaryar man shanu da kaji biyu. Tun daga gaisuwa na ji muryarta a shaƙe, tana jan hanci tana gogewa da gefen mayafi.

"Hajiya, kin sha hanya, sannu," na ce. "Amma yau daga nan bakin ƙofa za ki gan shi. Murar nan taki nake tsoro."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Haba Hajiya! Yanzu ni za a hana ɗaukar mijina? Ni da na goyi ubansa?"

Na jawo mata tabarma, na zauna kusa da ita, na ba ta labarin yaron cikin tawul tun daga goro da alawa har asubahin kwana na huɗu. Ba ta ce uffan ba. Can ta tashi ta tsaya a dokin ƙofa, 'yata ta ɗan yaye zanin ta juyo da fuskarsa. Ta daɗe tana kallo, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a daga nan, ta ce hancin na gidansu ne. A ɗakin baƙi ta sauka. Kwana tara tana zuwa dokin ƙofar nan safe da yamma, har murar ta sake ta. Ranar na goma ta zo da hantsi, ba ta ko dube ni ba, ta durƙusa gaban buta, ta naɗe hannun rigarta, ta wanke har gwiwar hannu sau biyu, ta yarfe, sannan ta ce wa 'yata, "To, miƙo min shi."